Rami Tara a Gonar Goggo

Duk unguwar Jambutu da ke Garwa babu wanda bai san Isa Shampiyo ya yi zaman Yawunde ba, saboda Isa bai bar kowa cikin duhu ba. In ka gaishe shi da safe, kafin ya amsa sai ya gaya maka yadda ake gaisuwa a Yawunde. In ka ba shi shayi, sai ya kurɓa, ya girgiza kai, ya ce a can ba haka ake haɗa masa ba, sannan ya shanye ya miƙo kofi a ƙara. Shampiyon ma shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya sauka a tashar Garwa da sanda guda mai kan ƙarfe da ƙwallaye shida farare ƙunshe cikin safa.

A faɗarsa, shekara uku ya yi yana koya wa manyan mutane golf, wasan nan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda, a bi ta a ƙasa har sai an jefa ta rami. A faɗar direban da ya kai shi ya kuma dawo da shi, kwana goma sha ɗaya ya yi yana ba ciyawar filin ruwa. Rana ta goma sha biyu ya haye ƙaramar motar da ake yawo da ita a wurin, gangara ta kwashe shi, shi da motar suka sauka cikin tafki. Ƙwallayen nan shida a ƙasan tafkin ya lalubo su kafin a tsamo shi. Tun daga ranar Isa ya ƙulla gaba da duk wani abu mai suna tudu.

Lakwal kuwa, wato makaranta, a aji biyar ya ajiye ta. Ya ce malamin ya cika yi masa tambayoyin da shi malamin ya riga ya san amsarsu, kuma shi ba ya son rainin hankali.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baffansa Alhaji Mahamat, mai shagon kwanon rufi da ƙusa a babbar kasuwa, wanda a gidansa Isa ke ci yake kwana, ya kira shi zaure.

"Isa, shekararka nawa yanzu?"

"Talatin da ɗaya, Baffa. Amma a Yawunde ashirin da biyar ake ba ni."

"To mu nan ƙarshen wata muka ba ka. In wata ya ƙare ba ka da aikin da zan nuna wa mutane in ce ga abin da ɗan ƙanena ke yi, kamiyon da ke ɗaukar kwano zai tashi zuwa Colire, kana bisa. Shagona na can yana neman mai zama."

"Colire, Baffa? Wa zan yi hira da shi a Colire?"

"Kwano. Ba ya gajiya da saurare."

Isa ya fito daga zauren. Barin Garwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ɗauki shekara biyu yana gina sunansa a teburin mai shayi. A Colire sai ya fara labarin Yawunde daga tushe, kuma ba tabbas za a samu mai ƙara masa kofi.

Washegari ya goge sandarsa da toka, ya sa farar hula mai baki, ya nufi otal ɗin Madam Hortense da ke bakin Binuwai. Ya ji labarin za ta sauki wani taron likitocin dabbobi daga kudu, tana neman abin da za ta nishaɗantar da su da shi banda kai su kallon dorina. Ya same ta a farfajiya tana duba furanni tare da mai kula da su, Blaise, wani siririn mutum ɗan wajen Mokolo da aka haifa a kan dutse, aka yaye shi a kan dutse.

"Madam, abu ɗaya ya rage wa Garwa ta zama birni," in ji Isa. "Filin golf. Kuma Allah ya taimake ki, ga direktansa a gabanki."

Madam ta sauke tabarau ta dube shi, ta kira shi Mushe, wato Malam da Faransanci. "A ina za a yi shi, Mushe Isa?"

"A shimfiɗaɗɗen wuri, sumul kamar faranti."

Blaise bai ɗago daga shukar da yake yi wa aski ba ya ce, "Golf tudu yake so, Madam. Ina gani a talabijin ɗin falo. Fili yana hawa yana sauka, kamar garinmu."

"Kai a talabijin ka gani, mutumin dutse. Ni a jikina na gani."

"Haka muka ji, Shampiyo. Har cikin hanci."

Isa ya yi kamar da wani ake. "Madam, ki duba baƙinki. Babban mutum yana da tumbi, yana da gwiwa, yana da hawan jini. Ki kai shi tudu, ki dawo da shi a kan katifa. A fili kuwa yana tafe yana hira, ko numfashinsa ba zai ji ba."

"A fili ko kaza ta buga sai ta ci," in ji Blaise. "Ina daɗin abin da babu wuya?"

"Shi ya sa kuka bar dutsen kuka gangaro mana nan, saboda daɗi ya yi muku yawa."

"Mun zo ne mu ga yadda mutum ke rayuwa da baki kaɗai. Har yanzu muna koyo."

Madam ta ɗaga hannu. "Ya isa. Laraba mu je mu ga tudun Blaise. Asabar mu ga filin Mushe Isa, tare da baƙina. Wanda nasa ya yi, shi ne direkta."

Ranar Talata da la'asar Isa ya hau moto, wato babur, da rabin buhun dusa da ɗan ƙullin kanwa, ya nufi gindin dutsen Tingilin inda Blaise ya wuni yana share tsakuwa. Ya laɓe har Blaise ya tafi, sannan ya bi tutoci uku da Blaise ya kakkafa a bakin ramukan da ya haƙa, ya barbaɗe gindin kowacce da dusa, ya tura saura cikin ramukan.

Laraba da hantsi suka iso a motar Madam. Tun daga ƙasa suka hango tudun yana motsi. Duk akuyar da ke tsakanin nan da Pitowa ta hallara. Wani bunsuru mai gemu ya riga ya cinye tuta ta farko, yana tsaye kan rami na biyu yana kallonsu kamar shi ya kira taron.

"Ka gayyato 'yan kallo ashe," in ji Isa. "Dangi ne?"

Blaise ya yi ta kora, yana korar goma ashirin na dawowa. Madam ta fara hawa da takalminta mai tsini, ta yi taku goma sha biyu, ta zauna kan wani dutse tana fifita da jaka. Da aka samu aka buɗe hanya, Blaise ya karɓi aron sandar Isa ya buga. Ƙwallo ta hau, ta hau, ta tsaya kamar tana tunani, sannan ta juyo ta gangaro ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ya sake bugawa. Ta sake dawowa, wannan karon da ɗan akuya a bayanta.

"Ba ni nan ka ga yadda ake yi," in ji Isa.

Ya gyara hula, ya ware ƙafafu, ya murguɗa ƙugu sau uku, ya zabga. Ƙwallo ta daki wani falalen dutse, ta dawo da gudun da ya fi na tafiya, ta bi ta gefen kunnensa ta tarwatsa madubin motar Madam.

Har akuyoyin suka ɗago kai.

"Kin gani da idonki, Madam," in ji Isa. "Bugun nan a fili mai hankali da tuni yana cikin rami. Tudu ne ya maido shi. Yau madubi ne, gobe idon likita."

Madam ta cire takalma ta gangara da ƙafa. Blaise ya tsuguna ya tura hannu cikin rami, ya ɗebo wani abu ya shinshina, sannan ya kalli naɗin ƙafar wandon Isa, wanda shi ne dai na jiya.

"Dutsen nan ya fara tsiro da dusa," ya ce.

"Ikon Allah ke nan. Babu abin da ba ya yi."

"Babu kam," in ji Blaise, ya karkaɗe hannu.

Saura fili. Isa ya tuna goggonsa Kaltumi, yayar Baffa, tana da gona a fadamar Binuwai bayan gada, inda rabonsa da zuwa tun yana ɗan aji biyu. Da ya isa sai da ya cire hula. Fili ne baƙi wuluk, shimfiɗe har iyakar ganin ido, babu kututture, babu suri, babu ko ɗan tudun da ƙadangare zai hau. An sare ciyawa, an ƙone ta, an share tas.

Isa ya yi lissafinsa na ɗan birni. Damina ta wuce, manoma sun kwashe abinsu, gona ba ta da aiki sai baɗi. Tambayar Goggo ma ɓata baki ne, sai ta ga sunan gonarta a jarida ta yi murna.

Abin da bai sani ba, wanda ko jakin ƙauyen ya sani, shi ne irin wannan baƙar laka karal ake ce mata, kuma ita sai damina ta ɗauke, ruwan kogi ya janye, sannan aikinta ke farawa. Lokacin ne ake dashen masakwa, dawar rani. Maza su jeru da dogayen sanduna masu bakin ƙarfe suna huda rami taku-taku, a biyo su ana zuba ruwa, ana soka dashe. Sharar da Isa ya gani ba ta gama aiki ba ce, ta jiran aiki ce.

Alhamis da Juma'a ya wuni a wurin da aron diga. Ya haƙa rami tara, ya binne gwangwanin tumatir a kowanne, ya yayyanka labulen ɗakinsa ya yi tutoci. Wani tsoho mai keke ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

"Kaltumi ce ta sa ka, ɗan nan?"

"Baba, direkta ba a sa shi. Shi ke sa mutane."

"Rami nawa ka yi?"

"Tara."

"A kwana biyu?" Tsohon ya girgiza kai ya hau kekensa. "To Allah ya ba ka tsawon rai, za ka buƙace shi."

Da yamma sai ga Blaise ya zo ganin wuri. Shi kuwa kafin ya samu aikin furanni, kaka bakwai ya yi yana gangarowa daga dutse da 'yan garinsu suna ƙwadagon hudar karal. Ya tsuguna ya murza ƙasar, ya hango tulin sanduna masu bakin ƙarfe da aka jingine a gindin wata ƙaya can nesa, ya miƙe fuskarsa fes.

"Shampiyo, na sallama. Wa ya share maka shi haka?"

"Wanda ya tsiro da dusa a dutse."

"Lalle yana sonka. Amma ka ji shawara. Fili irin wannan ba a buɗe shi a ɓoye. Ka kira Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Ka kira 'yan unguwa. Ka nemo makaɗi."

"Ka ga yanzu ka fara magana irin ta mutanen fili."

"Kuma gobe kada ka yi sammako ka zo nan kamar lebura. Direkta tare da baƙi yake isowa, a gidan gaba."

Isa ya dafa kafaɗarsa. "In na hau kujera, kai ne mai ɗaukar mini sanda."

"Na gode, patoro, maigidana."

Kafin magariba Isa ya ari lasifikar mai tallar maganin basir, ya zagaye Jambutu sau biyu a bayan moto yana shelar cewa gobe Garwa za ta shiga sahun manyan birane. Ya ɗauko mai kalangu daga layin mahauta. Ya durƙusa gaban Baffa ya ce a sallami kamiyon Colire ya tafi da wani.

"Sai na gani," in ji Alhaji.

Asabar da ƙarfe goma ayari ya tsallaka gada: motar Madam a gaba da madubi ɗaure da salatif, Isa a gidan gaba, bas ɗin likitoci a baya, sai motar Alhaji, sai 'yan moto fiye da talatin, kowanne da goyon biyu. Isa yana ta yi wa Dakta Léandre bayani, wani ƙaton likitan shanu wanda shi da gaske yana buga golf a garinsu.

"Dakta, filina rami tara ne. Kowanne da hannuna na auna shi."

Mota ta tsaya a bakin gona. Isa ya fito, ya buɗe hannuwa zai gabatar, sai hannuwan suka tsaya a sama.

Tun asuba maza goma sha biyu suka shiga karal ɗin. Ga su can tsakiya a jere, ba riga, suna ɗaga sanduna suna cakawa tare, suna waƙa da harshen dutse. Bayansu kuwa, daga bakin gona har inda suke, rami ne a kowane taku, layi bayan layi, dubbai, mata na bi da bokitai suna tsiyaya ruwa a ciki. Tutocin labule suna tsaye a tsakiya kamar baƙin da suka ɓace hanya.

"Tara ka ce?" in ji Dakta Léandre.

Isa ya ji idon Baffa a ƙeyarsa, ya ji ƙamshin Colire. Sai ya sauke hannuwa ya gyara hula.

"Tara na manya ne, Dakta. Sauran na ƙari ne. Sabon tsari ke nan, ko Yawunde bai kai ba tukuna. Waɗancan ma'aikatana ne, na ce su ƙarasa kafin mu iso, amma ka san ma'aikacin yanzu."

"Mushe Isa," in ji Madam a hankali, "mene ne wannan?"

"Ci gaba, Madam. Bisimilla, Dakta."

Dakta ya karɓi sanda yana danne dariya, ya ajiye ƙwallo a ɗan sararin da ya samu, ya buga. Bugu ne mai kyau. Ƙwallo ta tashi, ta sauka, ta yi tsalle ɗaya, aka ji tsulum.

"Bugu ɗaya," in ji Isa da ƙarfi, yana juyowa wajen jama'a. "Kun gani? A Yawunde mutum sai ya yi shekara ashirin bai jefa da bugu ɗaya ba. A filina daga zuwa."

Mai kalangu ya saki kiɗa. 'Yan Jambutu suka ɗau tafi, don ba su san yadda abin yake ba, sun dai ga an ci.

Wata likitar kaji da ba ta taɓa riƙe sandar ba ta ce ita ma za ta gwada. Ta kai duka sau uku tana samun iska, na huɗu ta ɗan shafi ƙwallon, ta mirgina taƙi biyu, tsulum. Kalangu ya ƙara zafi. Direban bas ya buga da hannu ɗaya yana waya, tsulum. Mai shayin unguwa ya buga da baya, tsulum. Mai kalangu ya ajiye kiɗa ya ce a ba shi shi ma, ya ture ta da ɗan yatsan ƙafa, ta faɗa, ya koma ya yi wa kansa kirari. Ta shida Blaise ya karɓa, ya ajiye ta a ƙasa kawai bai taɓa ta ba, iska ta ɗan kaɗa, ta gangara da kanta.

"Na ce ko kaza," in ji shi, "ashe ko kazar ma ba a buƙata."

Dakta Léandre yana share hawaye ya ce, "Mushe direkta, wa ya ci?"

"Kowa, Dakta. Amfanin fili ke nan, ba a komawa gida da ɓacin rai."

"Madalla. To ina ƙwallayen, mu ci gaba?"

Nan fa. Ramukan duk kama ɗaya, zurfinsu ya kai kamu guda, bakinsu ƙunci, cikinsu ruwan laka. Isa ya naɗe hannun riga ya kwanta rubda ciki ya zura hannu a na kusa. Babu. Ya matsa na gaba. Babu. A na bakwai ya kamo wani abu mai santsi, ya zaro da murna, kwaɗo ne.

"Jama'a, ku taya direkta nema mana," in ji Blaise.

Mutum kusan ɗari suka afka gonar. Masu lalube na lalube, masu tono na tono, 'yan moto suka shiga da baburansu wai su duba can gaba. Duk inda ƙafa ta taka, bakin rami ya rufta. Matan bokiti suka ɗora hannu a ka. Mazan huda suka daina waƙa suka jingina da sandunansu suna kallo.

Ana cikin haka amalanken shanu ya iso maƙare da dammunan dashen masakwa, Goggo Kaltumi a zaune bisa da lema. Ta sauko ba tare da an kama mata ba. Ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ta dubi tutocin, sannan idonta ya sauka kan Alhaji Mahamat da ke ƙoƙarin ɓuya bayan bas.

"Mahamat. Da kai aka zo taka mini gona?"

"Adda, wallahi gayyata ta aka yi."

"Da girmanka da rawaninka. Wa ya gayyace ka?"

Alhaji ya nuna ƙasa da baki. Isa ya ɗago daga rami, laka tun daga haɓa har gwiwa, ya gaishe ta da Fulatanci.

"Jam na, Goggo. Dama ina shirin zuwa in yi miki albishir. An zaɓi gonarki."

"Wa ya zaɓe ta?"

"Kwamiti."

"Ina kwamitin?"

Isa ya waiga. Likitocin duk suka shiga duba wayoyinsu.

"Shekara arba'in ina dasa karal ɗin nan," in ji Goggo. "Tsuntsu ya ci, fari sun ci, dorina ta taɓa kwana a ciki. Ban taɓa ganin annoba mai hula ba sai yau. Dashen nan da ka gani an tuge shi tun jiya, in bai shiga ƙasa ba ya mutu. Abin da gidana zai ci har baɗi ke nan, kai kuma ka tara mini gari a kai kuna neman ƙwai."

"Ƙwallo ce, Goggo."

"Matso in ji da kyau."

Isa bai matsa ba.

Madam Hortense ta ce wa baƙinta su shiga mota. Sai dai hanyar ƙunci ce, bas da motar Alhaji sun toshe baya, babu wurin juyawa. Isa ya ga dama ta ƙarshe ta nuna amfanin filinsa. Ya ruga ya tsaya gaban motar yana yi wa direba alama.

"Shigo ciki ka yi kwana. Fili ne kamar faranti, ko jirgi ya sauka. A tudu ina za ka samu wannan?"

"Kada ka shiga," in ji ɗaya daga cikin mazan huda. "Sama ce kawai ta bushe."

"Kai da direkta wa ya san fili? Taho, taho."

Motar ta taho. Ta yi tsawonta biyu a kan ɓawon ƙasa, sannan ɓawon ya fashe, ta zauna a hankali cikin laka har ƙofa, kamar saniyar da ta gaji. Direba ya taka wuta, tayoyi suka yi feshi, abin da ya rage fari a jikin Isa ya tafi.

Madam ta sauke gilashi. "Mushe Isa, a tudu madubi kawai na rasa."

Blaise ya yi wa mazan huda magana da harshensu. Ashe rabinsu 'yan garinsu ne. Suka zo da sandunansu suka zura ƙarƙashin motar, suka ɗaga, suka turo ta waje suna dariya. Madam ta ce daga yau duk wanda ya sake ambatar golf a otal ɗinta ya nemi wani wurin, baƙi kuma a kai su kallon dorina. Dakta Léandre ya leƙo ta tagar bas ya ce shi dai bai taɓa jin daɗin wasa irin na yau ba, zai ba da labari a Yawunde.

"Ka ambaci sunana, Dakta," in ji Isa. "Sun san ni."

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya matso. "Ba sai ƙarshen wata ba. Jibi Litinin kamiyon zai tashi."

"Da wa?" in ji Goggo.

"Da shi, Adda. In raba ki da shi."

"Ba inda za shi. Duk ramin da aka rusa sai ya huda shi da hannunsa. In ya gama, akwai ɗaya gonar ta wajen Pitowa, in an gama dashe kuma akwai korar tsuntsu har girbi." Ta juya wajen Blaise. "Kai, ɗan Mokolo, na san fuskarka. Ka iya aikin nan?"

"Kaka bakwai, Dada."

"To ka riƙa zuwa da yamma kana duba mini layinsa. In ya karkace, ya sake."

Aka miƙa wa Isa sanda mai bakin ƙarfe. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya tambaya ko babu ƙarama. Babu.

Lahadi da yamma ya shigo zauren Baffa yana tafiya kamar an ɗaure masa itace a baya, tafin hannuwansa duk sun yi ƙuraje sun fashe.

"Baffa, na yi tunani. Zumunci ya fi komai. Shagon nan na Colire bai kamata a bar shi ba kowa. In akwai wuri a kamiyon, ko kan kwanon ne, zan daure."

"Na riga na ba wani," in ji Alhaji. "Kuma Kaltumi yayata ce. Tun muna yara ban taɓa ƙwace abu daga hannunta na ji daɗi ba. Kana son zama Garwa, ga Garwa."

Bayan kwana uku aka gan shi a teburin mai shayi, an ɗora masa kofi a kan benci yana sunkuyawa yana kurɓa, don yatsun ba sa rufuwa. Yana gaya wa jama'a cewa yanzu haka kamfani biyu ke rigima a kansa, ɗaya na Colire, ɗaya na nan, har abin ya raba 'yan uwa ciki ɗaya. Blaise ya tsaya da kekensa a bakin titi.

"Direkta, yau rami nawa?"

Isa ya ɗago daga kofin, shayi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ɗari huɗu da sittin, banda waɗanda ka sa na sake." Ya juya wajen jama'a. "Ku ji fa. A Yawunde goma sha takwas gare su kacal, amma ku je ku ga yadda suke hura hanci."